Ina tsofaffin waƙoƙin makaɗan ƙasar Sakkwato suka shiga?

A garuruwan gabashin jihar Sakkwato, irin su Giyawa da Goronyo da Wurno da Rabah, har yanzu ana sauraren waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗankwairo, shekaru da dama bayan rasuwarsu.

Sai dai abin da ake ji a rediyo da wayoyin salula wani ɓangare ne kawai na abin da waɗannan makaɗa suka rera. Saura yana kan tsofaffin faya-fayen garmaho da kasa-kasai da ke warwatse a gidajen rediyo da jami'o'i da ɗakunan dattawa, wasu kuma sun tafi tare da masu su.

Wannan matsala ta taɓa samun wasu al'ummomin. Abin da ya faru da tsohon kiɗan fiyano na baƙar fatar Amurka, wanda ya haifi kiɗan jaz, yana nuna yadda kiɗa ke ɓacewa, da kuma yadda ake ceto shi.

Darasi daga Amurka

A ƙarshen ƙarni na 19, kafin faifai ya yawaita, a takarda ake sayar da kiɗa a Amurka. Mawallafi zai rubuta sautin da wasu alamomi na musamman, a buga, wanda ya iya karatun alamomin ya saya ya je gida ya kaɗa a fiyano.

Ta haka Scott Joplin ya yi suna, bayan da wani ɗan kasuwa mai suna John Stark ya buga kiɗansa mai suna Maple Leaf Rag a garin Sedalia na jihar Missouri a 1899.

Amma bayan rasuwar Joplin a 1917, an kusa mantawa da shi. Wasu daga cikin rubuce-rubucensa sun ɓace har yau, ciki har da wasan kwaikwayon waƙa na farko da ya tsara a 1903.

Abin da ya tsira, masu sha'awa ne suka tsince shi a shagunan tsofaffin kaya da akwatunan gidaje. A 1971 ɗakin karatu na birnin New York ya buga ayyukansa a haɗe, a 1976 kuma aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer, kusan shekaru 60 bayan mutuwarsa.

Wani attajiri mai suna Lester Levy ya shafe shekaru yana tara irin waɗannan takardu, daga baya ya miƙa su ga jami'ar Johns Hopkins, inda tarin ya kai kimanin takardu 30,000, kuma an sanya hotunan da yawa daga cikinsu a intanet.

Duk da haka takarda ba ta ɗauki komai ba. Makaɗan jaz na farko da kunne suke koyo, kuma ba sa maimaita kiɗa iri ɗaya sau biyu. Shi ya sa a 1938 Alan Lomax ya zaunar da Jelly Roll Morton a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ya naɗi kiɗansa tare da bayanin da yake yi da bakinsa. Buddy Bolden kuwa, wanda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen jaz, babu ko faifai ɗaya nasa da ya iso wannan zamani.

Kiɗan da ba a rubuta ba

Makaɗan Hausa ba su taɓa samun irin waccan takarda ba. Malamai sun rubuta waƙoƙin wa'azi da na tarihi da ajami tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma kiɗan fada da na noma da na dambe a ka ake riƙe shi.

Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma ɗan amshi, ya yi shekaru a bayan mahaifinsa ko ubangidansa kafin ya ja ragamar ƙungiya. Kowace waƙa tana da gindi, wato amshin da ake komawa gare shi, da kuma ɗiya waɗanda jagora ke ƙarawa ko ragewa gwargwadon wurin da ake da mutanen da ke zaune.

Ma'anar wannan ita ce, idan aka naɗi waƙa ɗaya a fada da kuma a gidan rediyo, ba lalle su zo daidai ba. Kowane kaset na iya ƙunsar ɗan waƙar da babu shi a wani.

Su kansu kayan kiɗan suna da nasu harshe. Kotso da taushi, waɗanda ake kaɗa wa sarakuna da hannu, da kalangu wanda ake matse tsarkiyarsa a hammata domin sauya sauti, duk suna iya furta take da kirari ba tare da an buɗe baki ba. Wanda ya rubuta kalmomin waƙa kawai, ya bar wannan ɓangare a baya.

Me ya sa suke da muhimmanci?

Gabashin Sakkwato yanki ne mai nauyin tarihi. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, a can kuma aka binne shi a 1837. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda ya riƙe sarautar garin kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Makaɗan fada sun zuba sunayen sarakuna da hakimai da zuriyarsu da garuruwansu a cikin waƙa. Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso har zuwa rasuwarsa a farkon shekarun 1960. Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988. Sa'idu Faru ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna waƙoƙin da har yau ake sakawa. Ɗan Anace kuma ya adana sunayen 'yan damben zamaninsa, musamman Shago.

Bayan tarihi akwai harshe. Waƙoƙin cike suke da Sakkwatanci na da, mai kalmomin sarauta da na yaƙi da na dawaki waɗanda matasa ba su cika amfani da su ba yanzu. Wanda bai saba da karin da ake cewa "yaz zo" ko "yat tafi" ba, yakan yi kuskure wajen rubuta su.

Su wa suka tara?

Naɗar farko a faifan garmaho aka yi, wanda kowane gefensa ba ya wuce kimanin minti uku, don haka dole makaɗi ya taƙaita waƙar da a fada za ta iya ɗaukar lokaci mai tsawo.

Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya naɗi makaɗa da yawa, haka ma gidan rediyon Rima da ke Sakkwato daga baya. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata suka shiga naɗa da kansu, daga rediyo ko a wurin biki da naɗin sarauta.

Masana ma sun taka rawa. David Ames da Anthony King sun naɗi kiɗan Hausa a shekarun 1960, suka kuma wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan a 1971. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan waƙar baka da Mamman Shata a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na jami'ar Bayero ya rubuta tarihin makaɗa da dama tare da matanin waƙoƙinsu a jerin littattafai, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya wallafa littafi guda a kan Narambaɗa a 2009. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihin Shata.

Waɗannan littattafai su ne mafi kusa da takardun kiɗan Amurka, amma kalmomi suka adana. Amon ganga da karin murya suna nan a kan kaset.

Haɗarin da ake fuskanta

Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima. Yakan manne ko ya tsinke, sautin kuma ya dusashe a hankali. Na'urorin da ke juya shi ma suna ƙarewa.

A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa saboda an daina ƙera na'urorin da kayan gyaransu, sauraren irin waɗannan kasa-kasai zai yi matuƙar wuya daga wajajen 2025.

A gabashin Sakkwato akwai ƙarin barazana. Ambaliyar 2010 ta cinye gidaje da yawa a garuruwan da ke gaɓar gulbin Rima. Hare-haren 'yan bindiga, kamar wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, sun tilasta wa mutane da dama barin ƙauyukansu. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar adakar kasa-kasai.

Daga kaset zuwa waya

Zuwan wayar salula ya sauƙaƙa rabawa. A kasuwannin Arewa akwai matasa masu kwamfuta da ke tura wa mutane waƙoƙi a katin waya, wasu kuma suna sanya su a YouTube da Facebook da WhatsApp. Ta wannan hanya waƙoƙin da aka daɗe ba a ji ba suka sake fitowa.

Amma sau da yawa waƙar kan zo babu sunan wanda aka yi wa, babu shekara, babu wurin da aka naɗa. Akan jingina waƙar wani makaɗi ga wani, ko a yanke farkonta, ko a matse sautin har kiɗan ya lalace.

Ƙa'idar masu adana sauti ita ce a kwafi kaset da na'ura mai kyau ba tare da an matse sautin ba, a ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya, a kuma riƙe kaset ɗin na asali. Sannan a rubuta sunan makaɗi da 'yan amshinsa da wanda aka yi wa waƙar da lokacin da aka yi ta, tun dattawan da suka sani suna raye.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Dokar Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta kare waƙa har shekaru 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka naɗa kuma shekaru 50. Wato iyalan Ɗankwairo da Shata suna da haƙƙi a kan abin da ake yaɗawa, ko da yake ba kasafai ake tuntuɓar magada ba.

Cibiyoyin da za su iya karɓar irin wannan amana suna nan, ciki har da hukumar adana tarihi ta Waziri Junaidu da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna. Abin da ya rage shi ne a bi gari-gari a nemo masu kasa-kasan, a kwafa da yardarsu, a mayar musu da kayansu.