BABI NA UKU: DOKA DA HASASHEN YANAYI A NIJERIYA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Hausawa suke gane alamomin hadari ta hanyar duban gabas da lura da iska. Wannan babi kuwa zai dubi dokokin da suka kafa aikin hasashen yanayi na zamani, da kuma yadda aikin ya shafi mazauna unguwar Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Kudu.

3.1 Dokokin da Suka Kafa Aikin

Kafin shekarar 2003, aikin lura da yanayi wani sashe ne kawai a ƙarƙashin ma'aikatar gwamnatin tarayya. A shekarar 2003 ne aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NiMet, aka ɗora mata alhakin auna yanayi da yin hasashe da bayar da gargaɗi. A shekarar 2010 kuma aka yi wata doka ta kafa hukumar NIHSA, wadda ke lura da ruwan koguna da hasashen ambaliya. Daga baya, a shekarar 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 2003, wadda ta ba NiMet ikon bayar da izini ga duk mai son kafa tashar auna yanayi a ƙasar nan.

3.2 Abin da Ya Jawo Hankalin Hukuma

Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin saman kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Bincike ya nuna cewa jirgin ya shiga cikin wata iska mai juyawa kwatsam, irin wadda ke zuwa tare da hadari. Kafin wannan, a watan Disamba na 2005, irin wannan iska tana cikin dalilan faɗuwar jirgin Sosoliso a Fatakwal. Bayan waɗannan haɗurra ne gwamnati ta tsara kafa na'urorin rada guda shida a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano da Yola da Maiduguri. Abin lura a nan shi ne, babu Sakkwato cikin wannan jeri.

3.3 Yadda Rada Take Aiki da Iyakarta

Rada na'ura ce da ke harba igiyar rediyo cikin sararin sama. Idan igiyar ta daki ɗigon ruwa ko ƙanƙara a cikin girgije sai ta dawo, na'urar kuma ta lissafa nisan hadarin da yawan ruwan da yake ɗauke da shi. Nau'in da ake kira Doppler yana auna har da saurin iska da inda ta dosa. Da haka ne ake iya sanar da mutane kafin guguwa ta iso, wani lokaci da sa'a ɗaya ko fiye.

Sai dai kuma rada tana da iyaka. Dalili kuwa shi ne, igiyarta a miƙe take tafiya, alhali doron ƙasa a lanƙwashe yake. Saboda haka, gwargwadon nisan wuri daga na'urar, gwargwadon yadda igiyar ke wucewa ta can sama da shi. Tsakanin Kano da Sakkwato akwai kimanin kilomita 370 a miƙe, wato ko da radar Kano tana aiki, ba za ta ga abin da ke faruwa kusa da ƙasa a kan Tudun Wada ba. Tauraron ɗan'adam yana nuna saman girgije, amma ba ya maye gurbin rada wajen auna iskar da ke ƙasa, wadda ita ce ke yaye kwanon rufi da kayar da katanga.

3.4 Muhimmancin Haka ga Tudun Wada

Damina a Sakkwato gajeruwa ce, yawanci daga Yuni zuwa Satumba, kuma hadarinta daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. A watan Satumba na 2010, ruwan da ya kwararo daga madatsar Goronyo ya cika Gulbin Rima, ya yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Irin wannan ambaliya ana iya hango ta da kwanaki. Guguwar cikin gari kuwa ba ta bayar da wannan dama. Hasashen damina da NiMet ke fitarwa kowace shekara, har da fassarar Hausa, yana taimaka wa manomi ya san lokacin shuka, amma ba zai gaya wa magidanci a Tudun Wada cewa iska za ta iso da La'asar ba.

Wannan matsala ba ta tsaya ga Nijeriya ba. A Amurka, inda ake da irin wannan rada fiye da 150, dokar da aka yi a 2017 ta umurci hukuma ta binciko wuraren da rada ba ta kaiwa, ta miƙa rahoto ga majalisa.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an fahimci cewa Nijeriya tana da dokar da ta kafa hukuma ta kuma ba ta iko. Abin da ya rage shi ne tanadin da zai wajabta tantance yankunan da rada ba ta kaiwa, da ware kuɗin kafa ta da gyaranta, da isar da gargaɗi cikin Hausa ta rediyo da wayar hannu. Babi na gaba zai dubi kalmomin da gidajen rediyon Sakkwato ke amfani da su wajen sanar da hasashen yanayi.