Tantabaru, jar akuya da waya: Abin da matasan marubuta na Boɗinga da Shagari ke mantawa da shi a tsakar gida

Idan ka buɗe ɗaya daga cikin labaran Hausa da ake turawa babi-babi a WhatsApp ko Wattpad, da wuya ka kai shafi na uku ba ka tsinci kanka a wani katafaren gida a Maitama ba. Saurayin ya dawo daga Dubai, budurwar tana saukowa daga bene, maigadi ya ruga ya buɗe wa mota ƙofa.

Mai rubutun kuwa, sau da yawa, yana zaune ne a kan tabarma a gari irin Boɗinga ko Shagari, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega. Cajin wayarsa ya kusa ƙarewa. Akuya tana cin harawa a gefensa, tantabaru suna sauka a kan katanga.

Akuyar ba ta shiga labarin, tantabarun ma haka. Alhali a gidaje da dama su ne suke ɗauke da nauyin rubutun.

Akuya ce ke sayen data

A ƙasar Hausa ba a cika ajiye dabba don ado kawai ba. Kyanwa tana maganin ɓeraye, kare yana gadi ko farauta, jaki yana ɗaukar taki zuwa gona. Ko kiwon da ake kira na sha'awa, idan rana ta ɓaci, kasuwa ake kai shi.

Ga budurwa ko matar aure mai son rubutu, akuya asusu ce. Tana ɗaukar ciki na kimanin wata biyar, kuma ba abin mamaki ba ne ta haifi biyu. Ɗan akuya guda da aka sayar ranar kasuwa yana iya zama gyaran fuskar waya da ta fashe, ko data ta wasu makonni, ko kuɗin mai caji a lokacin da wutar lantarki ta yi ƙaura. Ga samari kuma akwai turkar rago: a saye shi watanni kafin Babbar Sallah, a yi ta ba shi dusa da harawa da ƙowa, a sayar idan layya ta matso.

Rubutun kansa bai cika mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, idan labari ya ɗauki zafi ta ce sai an biya kafin a shiga rukunin da za a ci gaba. Mai karatu ya tura kuɗi ta banki, ya aiko da shaidar biya. Sai dai mutum guda daga cikin waɗanda suka biya ya isa ya kwashe labarin ya watsa a wasu rukunonin, shi ke nan ciniki ya mutu. Wanda ke farawa ma bai kai nan ba, shi burinsa a karanta, a yi sharhi.

Kuma akuyar da ake raina wa ba ƙaramar dabba ba ce. Jar akuyar Sakkwato, da 'yar'uwarta ta Maraɗi, fatarsu ce ta yi suna a Turai shekaru aru-aru. Da yake ta Maroko ayarin fatake ke bi da ita, sai Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Wato jar akuya ta daɗe da shiga harkar littafi, ta waje dai.

Aku ne ya riƙe Magana Jari Ce

Wanda ke ganin dabbar gida ba ta isa ta shiga adabi ba, ya tuna wa ke ba da labari a littafin da kusan duk ɗan makarantar Arewa ya sani. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, aku ne ke jan zaren. Shi ke ɗauke hankalin ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita, har daga baya ya zama waziri. Tsuntsun keji ne, amma a kansa aka ɗora ginin.

A waƙar baka ma haka abin yake, kuma a nan ƙasar Sakkwato ba ta da na biyu. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa doki waƙa sukutum, Dokin Iska Ɗanhilinge, har yau ana sauraron ta ana nazarin ta a jami'o'i. Ɗan Anace ya ɗauki dambe, wasan da ake yi a fili bayan kaka, ya mayar da Shago sunan da ko wanda bai taɓa zuwa kallon dambe ba ya san shi.

A Japan, marubuci Natsume Soseki ya fara suna ne a 1905 da wani labari da kyanwa ke bayarwa, tana zaune a gidan wani malamin makaranta tana lura da wautar mutanen gidan.

Abin da kiwo ke koya wa marubuci shi ne lura, kuma ita ce ta fi ƙaranci a yawancin labaran waya. Duk yaron da ya taɓa kiwon tantabaru ya san ƙwai biyu suke yi, ya san mace da namiji karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci na kusan kwana 18, ya san dukansu biyu ke ɗura wa 'ya'yan abinci baki da baki. Ya san yadda tantabarar maƙwabci ke janye taka ta tafi da ita, da rigimar da ke biyo baya tsakanin gida biyu da suka shekara talatin suna gaisawa. Ya san ranar da shaho ko muzuru ya yi ɓarna, da yadda mutum ke jin kunyar a ga hawayensa a kan tsuntsu.

Wannan ilimi ne da ba a samunsa a fim ɗin Indiya ko na Koriya. Marubucin da ya kwatanta gidan Dubai da bai taɓa shiga ba, abin da ya gani a allo yake maimaitawa, kuma mutum dubu sun riga shi. Wanda ya kwatanta yadda uwa ke kwance akuyarta da asuba za ta kai kasuwa saboda kuɗin jarrabawar ɗiyarta, tana kauce wa idon akuyar, shi kaɗai ke da wannan.

Gaskiya ne masu karatu da yawa gidan benen suke so. Matar da ta wuni tana surfe da wanki ba lallai ta so a sake nuna mata turmi da daddare ba, kuma marubutan sun san abin da ke kawo sharhi. Ba laifi ba ne. Amma kasuwar ta cika maƙil, kuma sabon shiga daga Danchaɗi ko Dingyaɗi ba zai fi 'yan birni iya kwatanta birni ba.

Garuruwan ba baƙin alƙalami ba ne

Matashin da ke jin an haife shi nesa da inda ake rubutu, tarihin garinsa bai goyi bayansa ba.

Sifawa, a cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan an ci Alƙalawa, yana karantarwa yana wallafa, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙaninsa Abdullahi ya zauna a Boɗinga a wannan zamani. A 1813 ya haɗa Tazyinul Waraƙat, inda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci ya kuma bayyana halin da ya yi kowace a ciki: malamansa, tafiye-tafiyensa, yaƙe-yaƙe, har da ɓacin ransa da yadda wasu suka karkata ga duniya. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma mutum ne ya ɗauki rayuwarsa ya mayar da ita littafi, kuma shi ya sa masana tarihi ba su rabuwa da shi.

A Shagari kuma, kafin duniya ta san Alhaji Shehu Shagari a matsayin shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne mai rubutu a gefe. An haife shi a garin a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo yana koyarwa. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Waƙar Nijeriya, don yara su haddace labarin ƙasa da Hausa. Daga baya ya haɗa hannu da Jean Boyd suka yi littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu, sannan ya rubuta tarihin rayuwarsa da Turanci. A Shagari aka binne shi bayan rasuwarsa a Disambar 2018.

Shi ma Abubakar Imam malamin midil ne a Katsina, bai wuce shekara 22 ba, lokacin da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa ya rubuta Shaihu Umar. Babu ɗaya daga cikinsu da ya jira ya zama marubuci zalla kafin ya fara. Suna da abin da ke ciyar da su, rubutu yana biyo baya da dare.

Misali na kusa

A 2020, wadda ta zo ta ɗaya a gasar Hikayata ta BBC Hausa 'yar Sakkwato ce, Maryam Umar, ɗalibar shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Labarinta, Rai da Cuta, bai je ko'ina ba: gida ɗaya ne, miji ya dawo daga tafiya da alamun korona yana musun cutar, matarsa kuma tana da ciki. Bayan shekara biyu Amira Souley daga Maraɗi ta lashe gasar da Garar Biki, a kan al'adar da kowace uwar amarya ta san nauyinta.

Gasar, wadda aka fara a 2016 domin mata, gajeren labari take nema. A irin wannan tsawo babu filin zagaya falo ana ƙirga kujeru. Abin da mutum ya sani da idonsa shi ke fitar da shi.

Akwai kuma batun harshe. Da yawa daga marubutan yankin suna goge Sakkwatancinsu kafin su tura, su koma Kananci gauraye da Turanci, don kada a yi musu dariya a rukuni. A jikin labari daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta, ita kowa ke karantawa ba tuntuɓe. Amma tsohuwar Boɗinga da aka sa wa maganar 'yar jami'ar Kano a baki ta tashi daga tsohuwar Boɗinga. Ita "ɗiyata" za ta ce, ta ce "mi", ta ce "shina" da "wanga". Mai karatu a Zariya ko Kumasi zai gane, kuma zai ji muryar mutum.

Abin da ba a so a faɗa a gida

Ba kowane gida ne ke ɗaukar rubutun labari a matsayin aiki ba. Yarinyar da ta daɗe a kan waya da dare, zargi ne ke fara zuwa kafin tambaya. Shi ya sa da yawa ke ɓuya a bayan laƙabi, su zama Ummu wance ko Maman wane, wani lokaci mijin ma bai san matarsa ce ke da labarin da ƙannensa ke bi ba. Saurayi kuma ana iya ce masa littafin soyayya aikin mata ne, duk da cewa In Da So Da Ƙauna, wanda ya girgiza kasuwar littafi a farkon shekarun 1990, namiji ne ya rubuta shi, Ado Ahmad Gidan Dabino.

Kiwon, a nan ma, yana yi musu rana. Wanda aka ga ya tashi ya share turke, ya yanko ciyawa, ya ba tantabaru ruwa, an fi yi masa uzuri idan ya zauna da waya da hantsi.

Sai dai kiwon kansa yana cikin haɗari. A 'yan shekarun nan satar dabbobi da hare-haren 'yan bindiga, waɗanda aka fi sani da gabashin jihar, sun taɓa ƙauyuka a kudancinta ma. Idan aka kore wa gida dabbobi, rahoto yakan tsaya a adadin shanu da tumaki. Ba ya faɗin cewa a cikinsu akwai tunkiyar da aka ware don kayan ɗakin wata, ko ragon da wani ya yi wata huɗu yana turka don ya biya kuɗin rajistar jami'a, ko akuyar da kaka ta ba jikarta ranar suna, wadda zuriyarta ta kai bakwai. Masu wannan bayani su ne yaran gidan, waɗanda suka san kowace dabba da sunanta da halinta, kuma wasunsu suna da waya da rukunin masu karatu da ke jiran babi na gaba da ƙarfe tara na dare.