Sulhun da Sojan Amurka Suka Ƙulla a Iraƙi

Duk wanda ya zauna wurin mai shayi a Nima ko Maamobi da almuru, sa'ad da 'yan kasuwa suka komo daga Makola, ba zai rasa jin muhawara ba a kan yadda sojan mamaya zai shiga tsakanin Ahlus Sunna da Shi'a a Iraƙi, alhali kuwa zuwansa ne ya kwance wa fitinar dabaibayi.

Tun da aka tarwatsa ƙubbar hubbaren Askari a Samarra ran 22 ga Fabrairu 2006, jini ya malala a Bagadaza har maƙwabci ya guji maƙwabcinsa, kuma ko da yake malaman ɓangarorin biyu sun sa hannu a wata takarda a Makka cikin Oktoba, wadda ta haramta jinin Musulmi, bindiga ba ta saurara ba. A 2007 Janar Petraeus na sojan Amurka ya jawo shugabannin ƙabilun Anbar da suka juya wa Alƙa'ida baya, aka ɗauki samarin Sunni gadi a kan dala 300 a wata, aka kewaye unguwar Azamiyya ta Bagadaza da katangar kankare, wadda mazaunanta suka kira kurkuku. Kisa ya ragu ƙwarai, wannan babu musu.

A ganina dai sulhun albashi ne, domin da aka fara miƙa masu gadin ga gwamnatin Iraƙi ta Nuri al-Maliki a Oktoba 2008, kaɗan aka ɗauka aikin soja da ɗan sanda, kuɗin saura ya riƙa makara, har sojan Amurka suka fice a Disamba 2011.