Gishirin da ke cin kadarko: abin da ƴan Nijar mazauna Kanada ke takawa kullum

A ranar Asabar 30 ga watan Satumban 2006, da tsakar rana, wani ɓangare na kadarkon Concorde da ke birnin Laval, kusa da Montreal, ya rufto kan motocin da ke wucewa ƙarƙashinsa. Mutum 5 suka rasu, 6 suka jikkata. Ba girgizar ƙasa aka yi ba, ba kuma wata babbar mota ce ta daki ginin ba. Kwamitin binciken da tsohon firaministan jihar Kebek, Pierre-Marc Johnson, ya jagoranta ya gano kurakurai a zane da jera ƙarafa, ya kuma ce kankaren ba shi da ingancin jure daskarewa da gishiri.

Wanda ya tashi a Maradi ko Damagaram zai tambaya: me ya haɗa gishiri da hanya? A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, hukumomi na watsa gishiri kan tituna don ya narkar da ƙanƙara, motoci su daina santsi. Kanada kaɗai na zuba kusan tan miliyan 5 a shekara. Gishirin na ceton rayuka, amma yana barin ɓarna.

Kankare ba dunƙulen dutse ba ne kamar yadda ido ke gani. Cike yake da ƙananan ramuka masu shan ruwa. Idan ruwa ya daskare, girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya matsa wa ramukan daga ciki. Rana ta fito ya narke, dare ya yi ya sake daskarewa, haka sau da yawa a hunturu ɗaya, har fuskar ginin ta fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Gishiri na ƙara dagula lamarin, domin yana riƙe danshi, kankaren ya daɗe a jiƙe.

Ɓarnar da ta fi muni tana can ciki. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri na bin ruwa har ya isa ga ƙarafan da aka binne a kankare, ya karya kariyar da siminti ke ba su. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, don haka takan tsaga kankaren, tsagar kuma ta buɗe wa sabon ruwan gishiri hanya.

Haka ta faru da tsohon kadarkon Champlain na Montreal, wanda aka buɗe a 1962. Ruwan gishiri ya yi shekaru yana gangarowa kan ginshiƙan gefensa saboda rashin magudanun kirki. A Nuwamban 2013 aka ga tsaga a ɗaya daga cikinsu, dole aka tallafe shi da wani ƙaton ƙarfe. A Yunin 2019 aka rufe shi yana da shekara 57 kacal. Sabon da ya maye gurbinsa ya ci sama da dalar Kanada biliyan 4, an kuma yi amfani da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa a wuraren da gishiri ke taɓawa, da niyyar ya kai shekara 125.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin magani, tun wajajen 1940: a haɗa kankare da sinadarin da ke barin ƙananan kumfar iska a ciki, don ruwan da ya daskare ya sami wurin faɗaɗa, a rage ruwan kwaɓi, a kuma binne ƙarafa da kauri. Abin takaici, yawancin gine-ginen da ke lalacewa yau an yi su ne bayan an san wannan.

Ga ɗan'uwa da ya sayi gida ko yake haya a Montreal ko Ottawa, shawarar magina ita ce kada ya zuba gishiri kan sabon kankaren ƙofar gida a hunturunsa na farko. Yashi ya isa hana santsi.