Waƙa da Masu Cin Guminta: Daga Niyok zuwa Yendi

1.0 Gabatarwa

A al'adar Hausawa, mawaƙi yakan karɓi ladansa ne nan take. Makaɗin fada ubangidansa ke ba shi doki da riga da hatsi, makaɗin jama'a kuwa a filin biki ake yi masa liƙi. Haka abin yake a Yendi, fadar Ya-Na, sarkin Dagomba a arewacin Gana, inda makaɗan da ake kira lunsi da masu goge suka daɗe suna cin abinci da kyautar sarakuna da ta masu biki. Zuwan faifan garmaho da kaset ya sauya wannan tsari, domin waƙa ta zama hajar da ake sayarwa a inda mai ita bai taɓa sa ƙafa ba. Wannan takarda za ta bayyana yadda kuɗin waƙa ke kauce wa mawaƙi, ta hanyar duba littafin wani mawaƙin Amurka, sannan ta kwatanta shi da halin da ake ciki a Afirka ta Yamma.

2.0 Littafin Tommy James

A shekarar 2010 Tommy James ya fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Me, the Mob, and the Music, wato shi da 'yan Mafiya da waƙa. An haife shi a 1947. Yana matashi ya yi wata waƙa mai suna Hanky Panky wadda da farko ba ta yi kasuwa ba, sai da wasu suka kwafe ta ba da izini ba suka baza ta a birnin Pittsburgh. A 1966 ta zama ta ɗaya a duk Amurka.

A cewarsa, manyan kamfanonin faifai na Niyok sun nuna suna son ɗaukarsa, amma kashegari duk suka janye, saboda Morris Levy, mai kamfanin Roulette, ya buga musu waya cewa faifan nasa ne. Levy kuwa yana da alaƙa da gidan Genovese, ɗaya daga cikin gidaje biyar na Mafiya a Niyok. James ya yi ta fitar da waƙoƙi masu farin jini, amma kason da ya kamata a riƙa ba shi daga cinikin faifai bai zo hannunsa ba. Ya ƙiyasta abin da aka danne masa da dala miliyan 30 zuwa 40. Da kuɗin wasan dandali ya riƙa rufa wa kansa asiri. A 1971, da rikici ya ɓarke tsakanin 'yan Mafiya, sai da ya bar Niyok ya fake a Nashville.

Kotu ta sami Levy da laifin haɗa baki wajen ƙwatar kuɗi ta hanyar barazana a 1988, ta yanke masa ɗaurin shekara 10, amma ya mutu a 1990 kafin ya shiga kurkuku. James bai saki littafin ba sai bayan da waɗanda yake tsoro suka ƙare.

3.0 Ƙofofin cuta guda uku

Littafin ya nuna ƙofofi uku da ake bi a ci gumin mawaƙi. Ta farko ita ce satar fasaha, wato kwafar waƙa a sayar ba da yardar mai ita ba. Ta biyu ita ce kame hanyar rarraba kaya, ta yadda mawaƙi ba shi da wata kasuwa sai ta hannun mutum ɗaya. Ta uku ita ce riƙe littafin lissafi, domin wanda ya buga faifai shi kaɗai ya san adadin da ya buga. A wani lokaci ma har haƙƙin mallaka ake ƙwacewa. Alal misali, sunan Levy ya fito a matsayin marubucin wata shahararriyar waƙar Frankie Lymon ta 1956, alhali shi ɗan kasuwa ne.

4.0 Kano, Legas da Yendi

Tsohuwar hanyar fataucin goro daga Kano zuwa Salaga ta bi ta Yendi, shi ya sa har yau ake jin Hausa a zangon garin. Wannan zumunci ne ya buɗe wa kaset ɗin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge kasuwa a zangunan Gana. Bayan 1990, shekarar da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, waƙoƙin fim suka biyo baya.

Babu gidan Mafiya a nan, amma ƙofofin nan uku duk a buɗe suke. Duk mai rediyo mai baki biyu yana iya kwafar kaset. A Kano, dilolin kasuwar Ƙofar Wambai ne suka riƙe rarraba finafinai da waƙoƙinsu. A Legas, kasuwar Alaba ta yi ƙaurin suna wajen kwafar faifan CD, har ta kai mawaƙa suna sayar wa dilolinta waƙoƙinsu kacokan, su karɓi abin da ya samu, tunda ko ba su sayar ba za a kwafa.

Gwamnatoci sun yi yunƙuri. Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin mallaka a 1988, ta maye gurbinta da sabuwa a 2023. Gana ta fito da wani tambari da ake manna wa kaset na halal a farkon shekarun 1990, sannan ta yi sabuwar doka a 2005. Sai dai kafin dokokin su kankama, waƙa ta koma cikin wayar hannu, inda masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa ke cika wa mutum katinsa da kuɗi kaɗan.

5.0 Kammalawa

Kamar yadda James ya dogara da dandali, haka mawaƙin Hausa na yau ya dogara da biki da waƙar siyasa, sai kuma ɗan abin da YouTube ke kawowa. Ke nan ya koma wurin ubangida, kamar makaɗin fadar Yendi. Wanda kuwa ke jiran a ba shi ba ya faɗin abin da zai ɓata wa mai bayarwa rai, don haka satar fasaha tana rage wa mawaƙi kuɗi, tana kuma ɗaure masa harshe.