Tsarabar da ke kai ɗalibi kurkuku

Duk shekara yaranmu suna tafiya Misira karatu, wasu Azhar, wasu jami'o'in Alƙahira da Iskandariyya. Yanzu ma an samu masu zuwa Turkiyya da Girka da Italiya domin nazarin tarihi da falsafa da addinan mutanen da. Tafiyar ba sabuwa ba ce, tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadar wa ɗalibansu masauki a Alƙahira. Kafin yaro ya tashi, iyaye sukan ja masa kunne kan salla da abokan banza da adana fasfo. Ban taɓa jin uban da ya ce wa ɗansa kada ya tsinci komai a ƙasa ba, alhali wannan kaɗai ya isa ya raba shi da karatun.

Kwanan baya na shiga yi wa ɗan wani maƙwabci barka da dawowa. Bayan an raba dabino da turare da carbi, sai ya ciro wani abu ƙunshe cikin safa. Tsingaro ne ja, bai kai tafin hannu ba, da wasu layuka baƙaƙe a jikinsa. Ya ce a Saƙƙara ya tsince shi, kusa da dala mai hawa-hawa, ranar da malaminsu ya kai su ziyara. Aka yi ta miƙa shi hannu-hannu, mahaifinsa yana ta murmushi. Na ce masa, "Kai yaro, ka san abin da ka ɗauko kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai a zube suke, kowa takawa yake yi." Wannan ɗalibin tarihi ke nan, wanda aka kashe wa kuɗi ya ƙetare ƙasa.

To, a zube suke ɗin nan ita ce hujjar da wani dattijo ɗan Birtaniya, masanin duwatsu da ya yi ritaya, ya kawo a Iraƙi a 2022. Ya kai ziyara kufan Eridu, ɗaya daga cikin tsofaffin biranen duniya, ya tsinci gutsattsari 12 na tsingaro da duwatsu, aka gan su cikin kayansa a filin jirgin saman Bagadaza. Kotu ta yanke masa shekara 15. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, amma sai da ya shafe watanni a tsare, shi da yake da lauyoyi da jaridun ƙasarsa a bayansa. Ɗan talaka daga Gumel ko Tasawa, wa zai tsaya masa?

Misira ma ba ta wasa da wannan. Dokarta mai lamba 117 ta 1983 ta hana cinikin kayan tarihi, ta mayar da su mallakar ƙasa, kuma abin da ya haura shekara 100 yana iya shiga cikinsu. Gyaran da aka yi mata a 2018 ya kai hukuncin fasa-ƙwaurinsu zuwa ɗaurin rai da rai, da tarar da ta fara daga fam ɗin Misira miliyan 1. A filayen jirginsu akwai masana kayan tarihi da aikinsu shi ne duba abin da na'ura ta nuna a jakar matafiyi. Turkiyya da Girka su ma kowacce tana da doka mai tsanani, kuma an sha tsare baƙi a Turkiyya saboda dutsen da suka ɗauko a kango.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, ɗalibi ya kamata ya fi kowa sanin darajar tsingaro. Masu tonon tarihi da shi suke auna shekarun wuri: irin yumɓun, da yadda aka gasa shi, da zurfin da aka same shi. Da zarar ka ɗauke shi daga inda yake, ka yanke wannan bayani, ko ka mayar ba zai koma daidai ba. Mutanen da kuma a kan tsingaro da ɓallin dutse suke rubuta rasit da wasiƙa da lissafi, domin takarda tana da tsada. Daga Deir el-Medina, ƙauyen ma'aikatan da suka sassaƙa kaburburan fir'aunoni kusa da Luksor, an samu wani ɓallin dutse na zamanin Ramsis na Biyu mai ɗauke da rajistar waɗanda suka yi fashin aiki: wane kunama ta harbe shi, wane ciwon ido, wane yana dafa giya. A Atina ta ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), garin Sokiratis da Aflaton, a kan tsingaro jama'a suke rubuta sunan wanda suke so a kora daga gari na shekara goma. Wanda ya zauna a aji aka karantar da shi wannan, sannan ya fita ya cusa irinsa a safa, me ya koya?

Mu ma mun ɗanɗana. Sassaken Nok da aka haƙe a ɓoye aka yi waje da su, har yau takaicinsu muke yi. Idan na wasu ne sai mu kira shi tsaraba.

Sai masu talla. A bakin dalar Giza ko haikalin Karnak wani zai ja ka gefe, ya rage murya, ya buɗe tsumma ya nuna maka ɗan buzuzu na dutse ko tsohon kwabo, ya rantse daga kabari aka fito da shi. Galibi jabu ne, an gasa jiya an shafa masa ƙasa. In jabu ne ka yi asarar kuɗinka, kuma za a iya tsayar da kai har masani ya zo ya tantance, jirgi ya tashi ya bar ka. In na gaske ne, ka sayi ɗauri da kuɗinka. Mai son kwaikwayon mutum-mutumi ko zane ya saya a shagon gidan tarihi, ya karɓi rasit, ya ajiye shi tare da fasfo. Ɗaliban addini masu sha'awar tsofaffin littattafan rubutun hannu a kasuwannin da ke kewayen Azhar su ma su kiyaye, domin irinsu ana kamawa a filin jirgi.

Hawa dala don ɗaukar hoto, tun 2020 laifi ne a Misira mai ɗauri ko tarar da ta fara daga fam 10,000. Rubuta suna a bangon tsohon gini kuwa ko magana ba ya buƙata.

Akwai kuma saƙo, wanda muke jin kunyar ƙi. Ɗan garinku zai zo daren tafiya da ƙulli a naɗe da salatif, ya ce ka miƙa wa Hajiya. Ka sa shi ya kwance a gabanka, ka ga kowane abu da idonka, in ya ji haushi ya riƙe kayansa. Jami'in kwastan ba ya tambayar wa ya ba ka, jakar wa ce yake tambaya. In kuma ka ga wani abu a ƙasa a wurin tarihi, ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka nuna wa malami ko mai gadi, ka wuce. Wanda ya riga ya kawo gida ya daina baje kolinsa a Facebook, kada kuma ya sake sa shi a jaka ya ce zai mayar da kansa. Ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar ya ji yadda ake mayarwa.