Tattalin mai, tattalin aljihu

Ranar kasuwa, tun da sassafe, hanyoyin karkara suna cika da babura da motoci. Wani ya ɗauko buhun wake, wani ya ɗauro akuya, wani zai kai mai ciki likita. Babur ya zama jakin zamani. Amma jaki yana cin ciyawar daji kyauta, babur kuwa sai an saya masa mai da kuɗin gero.

Nijar tana da man kanta. Ana haƙo shi a Agadem, cikin jihar Diffa, kuma a shekarar 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Zinder, wadda aka gina don tace ganga 20.000 kowace rana. Duk da haka mutanen Maradi da Konni da Magarya sun daɗe suna dogara da man Najeriya mai araha. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, sai arahar ta ƙare. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, amma a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai saboda ƙaranci. Kuɗin lita ba ya hannun talaka. Abin da ke hannunsa shi ne yawan litocin da yake ƙonawa.

Farko dai taya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana shimfiɗewa bisa ƙasa, injin ya yi ta ja da wahala, ya sha mai fiye da ƙima, tayar kuma ta cinye da wuri. Ya kamata a auna iska sau ɗaya a mako, da safe, kafin taya ta yi zafi. Direban da ya rage iska don ya ratsa rairayi, ya mayar da ita in ya hau kwalta.

Na biyu ƙura. Injin yana shaƙar iska kamar mutum, yana gauraya ta da mai kafin ya ƙona. Lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iska. A babur da tsohuwar mota mai karbureto, in iska ta ragu sai mai ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi, buji ya yi dauɗa. Wanke matatar ko sake ta bai kai kuɗin man da ake hasara ba. Haka nan a riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, a shafa wa sarƙar babur mai, a duba kada birki ya riƙe taya.

Na uku hannun mai tuƙi. Gudu yana cin mai, domin in an ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu. Saurayin da ke murɗa babur da ƙarfi, ya taka birki, ya sake murɗawa, kuɗinsa yake watsawa a hanya. A tashi a hankali, a sa babbar giya da wuri, a riƙe gudu ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya tsaya gaisuwa ko jiran fasinja a tasha, ya kashe injin. Amma kada direba ya kashe mota a gangara da sunan tattali, domin birki da sitiyari na iya yin tauri, a rasa rai saboda rabin lita.

Na huɗu kaya da yawan zirga-zirga. Lodin da ya wuce ƙima yana ƙara shan mai, kayan da aka tula bisa rufin mota kuma suna tare iska. Maƙwabta biyu masu zuwa kasuwa ɗaya suna iya hawa babur ɗaya su raba kuɗin mai. Mai gida ya haɗa niƙa da cefane da sayen magani cikin tafiya ɗaya. Wata tafiyar ma waya ta isa ta biya buƙata.

Man kwalba na bakin hanya yana fidda mutum kunya inda babu gidan mai, amma sai an lura. Ba kowace kwalba ke cika lita ba, kuma man da ƙura ko ruwa ya shiga yana ɓata karbureto. A tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. Kada a ajiye shi cikin ɗaki, kusa da murhu ko fitila ko yara.

Ta yaya mutum zai san ya ci riba? Sai da littafi da alƙalami, kuma nan ne karatun yaƙi da jahilci ke da rana. A cika tanki, a rubuta lambar agogon kilomita. Ranar da aka sake cikawa, a rubuta sabuwar lamba da yawan litoci, a raba kilomita da lita. In agogon ya mutu, duwatsun kilomita na bakin kwalta suna taimakawa.

Ga misali. Ɗan kabu-kabu yana yin kilomita 40 a yini, wato 1.200 a wata. In lita ɗaya tana kai shi kilomita 30, zai sayi lita 40. In ya gyara babur da tuƙinsa har lita ta kai kilomita 40, lita 30 ta ishe shi. Ya rage lita 10 ke nan. In lita dala ɗari ce, jikka 5 ta rage masa a wata, jikka 60 a shekara. Wannan kuɗin na iya sayen hatsi lokacin bazara, ko littattafan yara, ko sabuwar taya. Da yayyafi kogi kan cika.